Garin Ƙashin Inna

Uwar mijina ta yi shekara ashirin da shida tana wanke daɓen mayanka. Ba ta taɓa riƙe wuƙa ba, aikinta tsintsiya ne da bokiti da tiyo. Mahauta su gama fiɗa su watse, ita ta shigo da dogon takalminta na roba ta kora jini zuwa magudana, ta tattara ƙasusuwan da aka bari a baro ta kai bayan katanga. Da gwiwoyinta suka fara yi mata gardama aka sallame ta, ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu. Ni ce matar ɗan nata, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: a yawancin labarin nan ba a bayanta nake ba.

Mun yi mata gata daidai ƙarfinmu. Mijina kafinta ne, shi ya haɗa mata kujera mai jingina, ni kuma da nake ɗinki na yi mata matashi biyu. Aka kawo rediyo aka ajiye a gefe. Kwana huɗu ta yi a kujerar nan tana kallon bango, hannayenta a cinya, yatsun suna ta motsi. Ran na biyar da safe na leƙa da shayi na tarar ɗakin wayam. A bayan gida na same ta, ta cire takalmi tana taka ƙasa da dunduniya.

Bayan gidan namu ba wani abin kallo ba ne. Fili ne ɗan siriri, taku goma sha biyar a tsawo, shida a faɗi, tsakanin bangon ɗakuna da wata gajeriyar katanga mai giɓi a kusurwa. Ƙasar ta daskare, ga ɓaraguzan bulo da masu gini suka bari. Abin da kawai ke da amfani a wurin igiyar shanyata ce, a can ƙarshe. Ko ciyawa sai ta yi tunani kafin ta fito.

"Tela," in ji ta, don haka take kirana, ɗanta kuma Kafinta, "wurin nan na waye?"

"Na kowa ne, Inna. Ba ya yin komai."

"Ba a ba shi komai ba ne."

A ranar ta ba ni labarin da na ji daga baya ya fi sau talatin. A bayan katangar mayanka, inda aka yi shekaru ana jibge ƙashi yana ruɓewa, wani tumatir ya fito don kansa. Ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya ba shi ruwa, amma duk damina sai ya yi 'ya'ya har rassansa su kwanta a ƙasa. A wurin take wanke takalminta kullum, tana kallonsa. Ta ce shekara ashirin da shida tana raya wa ranta cewa in ta samu ƙasar da ba mai korarta, sai ta ga ko ƙashin ne ya yi wannan aiki. Na ce Allah ya ba da sa'a, na koma kan keken ɗinkina. Na ɗauka abin na mako ɗaya ne.

Da fartanya guda da tsohon daro ta tsince ɓaraguzan nan kaf, ta raba filin fangali huɗu, kowanne da ɗan tudu a gefe don ya riƙe ruwa. Na huɗun ya faɗo daidai ƙarƙashin igiyata. Sai ta ɗauki buhu ta koma mayanka. Babban mahaucin wurin ya ce mata, "Inna, ashe ritayar taki ba ta haɗa da ƙashi ba?" Ta ce shi ma tasa ba za ta haɗa da surutu ba. Ya cika mata buhun har da ƙari.

Daminar farko abin dariya ne, ko da yake lokacin ban yi dariya ba. Ta farfasa ƙasusuwan da guduma ɗanyensu, da ɓargo da sauran kitse a jiki, ta binne a gindin kowane dashe. Kwana uku wari ya tashi. Ran na huɗu muka wayi gari fangali huɗun nan duk an tone su, dashen tumatir a warwatse saiwa a sama, ga sawun karnuka daga giɓin katanga har ƙofar kicin. Na tabbata duk wani kare da ke unguwar ya samu labari. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana toshe hanci, ta tambaya ko wani abu ne ya mutu. Na ce mata eh, haƙurina.

Inna ta fito ta duba ɓarnar. Ta zauna a kan bokiti da ta kifa, ta ɗauki wani guntun ƙashi da kare ya bari, ta shinshina, ta jujjuya shi. Can ta ce, "Laifina ne. Na bayan katanga ya sha rana da ruwa shekaru, ba maiƙo a jikinsa. Ni na kawo musu abinci na binne." Ta tashi ta nemo bulo ta toshe giɓin da kanta.

A ranin da ya biyo baya ta gina sana'arta, kuma dole in yaba, ban taɓa ganin mai tsari irinta ba. Rabin duro ta samo ta ɗora a kan duwatsu uku. Ta dafa ƙashi awa uku tana kwashe kitsen da ya taso, ta sauke, ta kankare kowanne da cokali har ya yi fari. Ta shanya a kan tsohon kwanon rufi mako biyu. Yadda take gane ya bushe, ta buga biyu da juna kusa da kunne: in ƙarar ta fito a dushe ta mayar, in ta fito tar ta ware. Daga nan ta gasa su sama-sama a kan garwashi don su yi gautsi, ta zuba a buhu ta bubbuga da guduma, sannan a je turmi. Haƙarƙari ba ya ba ta wahala. Ƙashin ƙafa kuwa sai ta yi masa magana. "Kai ma za ka sauko," take cewa, taɓarya na sauka.

Turmin nawa ne. Ta ara, ta dawo da shi a wanke tas, na dube shi na ce ta riƙe har abada. Takan ɗaure hanci da ƙyalle ta daka, ta tankaɗe da rariya, tsakin ya koma turmi, garin ya shiga gwangwanayen madara masu murfi. Fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, laushinsa bai kai na fulawa ba. Kafin ruwa ya sauka ta cika gwangwani goma sha ɗaya, ta jera su a ƙarƙashin gadonta. Kujerar mai jingina kuwa nan take ajiye wankinta.

Ni dai ina ta haɗiye abin. Hayaƙi ya shiga kayan ɗinkin mutane, bugun taɓarya ya hana ni jin awon da nake ƙirgawa. Da daddare ba na cewa komai, amma da safe mijina yana ganin fuskata ya san hira ta ƙare.

Ana saura 'yan kwanaki ruwa ya sauka ya dawo gida da rana tsaka, abin da ba ya yi. Ya ajiye wata takarda a kan kekena. Za a faɗaɗa titin da rumfarsa take, an ba su zuwa ƙarshen damina kowa ya kwashe kayansa. Ya daɗe a tsaye kafin ya nufi bayan gida, ni ma na bi shi. Inna na durƙushe tana tankaɗe.

"Inna, rumfa za ta tashi. Ba ni da inda zan kai aikina sai nan. Siminti zan zuba, in kafa kwano."

Ta sauke ƙyallen hancinta. "Ka ba ni daminar nan."

"Bara ma na ba ki, Inna."

"Bara karnuka ka ba."

Ya yi dariya bai shirya ba, amma ya dawo kan maganarsa. Ya ce ƙasar nan matacciya ce, ta huta mana, ta sha wahala a duniya ya isa. Ta ce in ya zuba siminti a nan, to ya haɗa mata da akwati daidai tsawonta, don zaman kujera da wannan duk ɗaya ne a wurinta. Ya ce subhanallahi, wace irin magana ce wannan. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa in ƙasar ta ba da abin kirki kafin ruwa ya ɗauke, zai nemi wani wuri ko a ina ne. In ba ta bayar ba, birkila zai zo. Ni a raina na riga na fara share daɓen siminti, ba taɓo, ba hayaƙi.

Akwai halin Inna guda da ya kamata a sani: ba ta zubar da komai. Zaren da na yanke na yar, sai in gan shi ta ɗaure bakin buhu da shi. Ruwan wanke shinkafa na shuka ne. To, dafa ƙashi na cin itace, itace na barin toka, kuma duk ranin nan tokar tana tarawa a buhu uku. Ta ce ta san ana zuba toka a gona tun tana yarinya, abu mai kyau ne, kuma abu mai kyau biyu in sun haɗu sai alheri. Ranar shuka ta haƙa ramuka, kowanne ta zuba garin ƙashi cikin tafin hannu ɗaya ta cakuɗa da ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ta dasa tumatir. Sannan ta kawo toka ta barbaɗa da hannu sake, har ƙasar ta yi furfura.

Ta gama fangali uku ke nan iska ta taso. A igiyata akwai fararen riguna shida na wata mata da za ta zo karɓa da yamma, na wanke su don in cire alli kafin guga. Na fito na tarar da su sun koma ruwan toka, jiƙaƙƙu, tokar ta manne. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, amma ranar na ɗaga. Na ce na haƙura da wari, na haƙura da hayaƙi, na ba da turmi, amma wannan abincina ne aka taɓa. Na ce toka ba za ta ƙara matsowa kusa da igiyata ba, ko da cokali ɗaya.

Ta tsaya da kwanon toka a hannu tana dubana. Na ɗauka za ta kira ɗanta. Sai ta ce, "Kin yi gaskiya, Tela. Kawo in taya ki ɗauraya." Wannan ya fi zagi ciwo. Fangali na huɗu ya tashi ba toka, ƙashi da ganye kawai. Ta riƙa kiransa maraya, duk safiya ta tsaya a kansa ta ce Allah sarki, an hana ka rabonka. Sauran ukun kuwa, duk dafa ƙashin da ta yi sai ta ƙara musu toka.

Wata ɗaya ba a ga bambanci ba. Ta ce haka ƙashi yake, ba ya gaggawa, a hankali yake sakin abin da ke cikinsa, kuma saiwa yake fara ginawa kafin a ga komai a sama. A wata na biyu fangali uku suka fara rawaya daga sabon ganye. Karansu siriri, tsayinsu bai wuce gwiwa ba, furen da suka yi ya bushe ya zube kafin ya ƙulla. Maraya kuwa ya yi kore shar, karansa ya kai kaurin babban yatsana, har sai da na ɗage igiyata don kada zannuwa su taɓa shi.

Inna ta ƙi gani. Ta ce ruwan shanya ne ke ɗiga masa. Na daina shanya a wurin mako biyu, ba don ita ba, don in ƙure ta. Bai fasa ba. Ta ce inuwar katanga ce, alhali katangar ta bi ta kan su duka. Ta ƙara wa ukun garin ƙashi, ta ƙara musu toka, suka ƙara lalacewa. Na lura ta rage cin abinci, ta daina yi wa ƙashin ƙafa magana. Mijina ya leƙa sau biyu, daga baya na ji shi a waya yana tambayar birkila yaushe zai samu sarari.

Wata safiya na same ta a kan bokitinta, ta tumɓuke tumatir biyu ta shimfiɗa a ƙasa, ɗaya daga fangalin farko, ɗaya daga na huɗu. Na farkon saiwarsa 'yar guntuwa ce, kuma ga garin ƙashin nan fari a manne da ƙasar, yadda ta zuba shi haka yake. Na huɗun saiwarsa ta cika tafin hannu biyu, fara sol, ta shiga ko'ina.

"Iri ɗaya, ruwa ɗaya, ƙashi ɗaya, hannu ɗaya," ta ce, tana lanƙwasa yatsu. Ta tsaya a kan na biyar bai lanƙwasu ba. "Tela, sa mayafinki. Raka ni wurin mai dashe."

Mai dashe wata mata ce da ke sayar da ƙananan shuke-shuke a bakin hanya, a wurinta Inna ta samo irin. Tafiyar minti ashirin ce, muka yi ta a arba'in saboda gwiwa. Matar ta warware jiƙaƙƙen tsumman da Inna ta naɗo tumatir biyun a ciki, ta dubi saiwoyin, ta murza ƙasar fangalin farko a yatsu, ta ga baƙi-baƙin gawayi a ciki.

"Mama, toka kika zuba?"

"Buhu uku, da ƙari."

Matar ta dafe kai. Ta ce ƙashi ba ya narkewa sai ƙasa tana da ɗan tsami, tsamin ne ke cinye shi a hankali har saiwa ta samu ta sha. Toka kuwa kashe tsamin ƙasa take yi. Kaɗan ba laifi a inda tsamin ya yi yawa, amma ƙasar bayan gida da ta sha ɓaraguzan gini dama tsaminta kaɗan ne. Ta ce, "Kin ajiye musu abinci, Mama, kin kuma kulle shi kin tafi da makulli." Inna ta tambaya ko zai gyaru. Ta ce zai gyaru, a kwashe ta sama, a yi ta zuba ruɓaɓɓen ganye, ruwa ya yi ta wanke ta. Amma sai damina ɗaya ko biyu. Bana kam ya wuce.

Muka kamo hanyar gida, Inna na jan ƙafa. A bakin wani shago ta nemi benci ta zauna, ta buɗe tafukan hannunta tana kallo. Duk sun yi kanta, farcen babban yatsa ya tsage. "Da hannuna," ta ce. "Ba kare, ba kowa." Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen mayafi da sauri, ta dube ni. "Faɗanki ya yi rana, 'yar nan." Kunya ta rufe ni, don ni na san ba tumatir na yi wa faɗa ba, riguna na yi wa. A kan bencin nan na koma bayanta, kuma ban sake fita ba.

Ta san an ce bana ya wuce, amma washegari ta ɗauki fartanya. Muka kankare ƙasar sama ta fangali ukun, ni ina ɗaukar daro ina kaiwa waje. Ta bi layi tana share ganyen bishiyoyin mutane tana kawowa, har aka fara yi mata godiya ana tsammanin taimako take yi. Sauran tokar ta ba masu wankin tukwane. Ukun suka ɗan farfaɗo, suka ba da tumatir da bai fi a ƙirga da yatsu ba, ƙanana masu taurin fata. Na huɗu kuwa sai da mijina ya kawo sanduna aka tallafe shi. Daro biyar muka cire, ban da wanda muke tsinka kullum a sa a miya. Na kai wa maƙwabciyar nan mai toshe hanci kwano guda da kaina, na tsaya har ta yaba.

Ruwa ya fara ja da baya. Mijina ya yi yawon neman wuri, wannan na shaida, takalminsa ya shaida. Inda ya samu ya yi nisa da masu ba shi aiki, inda ke kusa an riga shi. Na same shi a ɗaki na ce ya ƙara wa Inna shekara ɗaya, yanzu ta gano bakin zaren.

"Ke ma?" in ji shi. "Ba ke ce kike ɗaure mini fuska saboda hayaƙi ba?"

"Ni ce. Na canza."

"To ni rumfata ba ta canza ba. Ran Asabar za a rushe. Ɗaya cikin huɗu ne ya yi, ki faɗa mini, wannan ƙasa ta bayar ko ba ta bayar ba?" Na ga shi ma abin yana cin sa.

Ran Alhamis da safe tifa ta juye yashi a ƙofar gida, birkila ya shigo da igiyar awo da shebur. Inna ta riga kowa fita. Ta yi wanka, ta sa zaninta mai kyau, ta tsaya a kan tudun da ya raba fangali na uku da na huɗu. Ba ta jira an yi mata bayani ba.

"Kafinta, mun yi magana, ba zan canza ta ba. Uku na faɗi, ka ɗauka, halal ɗinka. Ƙashin da ke cikinsu na wata shida ne ina daka, na yafe. Ɗaya na ci. Shi ba na bayarwa."

"Inna, ba a yi maganar rabawa ba."

"Ba a yi ba. Yanzu nake yi."

Ya shafa kai, ya ce bari a auna a gani. Matsalar teburin aikinsa ce. Dogon tebur ne na katako mai kauri, shi ya haɗa shi da hannunsa shekarar da ya gama koyon aiki, kuma a kansa yake feƙe ƙyauren ƙofa da dogayen alluna. An riga an kawo shi an jingine a zaure. Aka ja igiyar awo daga bango zuwa tudun da Inna ke tsaye, aka cire wurin ajiye katako da hanyar wucewa. Ya auna sau biyu, birkila ya auna sau ɗaya. Teburin ya fi wurin da taƙi biyu.

Birkila ya ce abu mai sauƙi ne, a ci taƙi biyu daga fangalin Mama, ko ma a haɗa duka a huta, tunda ruwan siminti in ya gangara ba abin da zai sake fitowa a nan. Inna ta ce shi ya sa za a haƙa rami tsakani, ruwan ya bi ta waje, kuma taƙi biyun nan layin tumatir guda ne. Ta sauka daga tudun ta shiga cikin fangalin, ta tsaya a kan layin da ake magana, ƙafafunta sun nutse a ƙasa mai laushi.  Ba ta roƙe shi ba, ba ta tuna masa nonon da ya sha ba. Kallonsa kawai take yi.

Mijina ya daɗe yana duban igiyar awon da ke hannunsa. Ya naɗe ta a hankali ya sa a aljihu, ya wuce zaure. Na ɗauka fushi ya yi. Sai muka ji an kwantar da abu mai nauyi, sannan ƙarar zarto ta tashi. Birkila ya leƙa ya dawo yana salati, ya ce wallahi teburin yake yankewa.

Katakon ya tsufa ya yi tauri, ya ɗauke shi kusan rabin awa. Duk tsawon lokacin Inna ba ta motsa daga inda take ba. Da ya fito rigarsa ta jiƙe, yana rungume da guntun da ya yanke, duk jikin katakon sawun kurfin sassaƙa da tabon fenti na shekara ashirin. Ya ajiye shi a bakin fangalin, ya ce wa birkila ya ja layinsa daga tudu, ya haƙa ramin yadda ta ce. Bai dubi uwarsa ba, ita ma ba ta ce ta gode ba.

Sai da aka fara kwaɓa siminti ta miƙo mini hannu na fito da ita, don ƙafafun sun ƙi ɗaguwa. Ta zauna a kan guntun teburin tana haki, tana shafa wurin da zarto ya bi. Shebur na farko ya sauka a kan fangalin farko, ta runtse ido. Da ta buɗe ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Yanzu dogayen ƙofofi sai ya riƙa juya su sau biyu. Duk ranar Allah zai sha wannan wahala saboda ni." Ta ja numfashi, ta gyara ɗaurin zaninta. "Tashi ki ɗauko mini buhu, Tela. Yau Alhamis, ana yanka da yawa. Ƙasar da aka saya mini da tsada haka, ba zan bar ta da yunwa ba."